Mama Laraba Ba Giya Ta Sha Ba, Ƙari Ne a Bayan Goshinta

Mama Laraba ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune ina hura gawayi zan ɗora ruwan koko, waya ta yi ƙara, na ga sunan Rahila, 'yarta. Na ɗaga ban ji gaisuwa ba, sai numfashi. Can ta ce, "Anti Hannatu, Mama ta tafi."

Na ce, ta tafi ina?

Haka na tambaye ta, kamar marar hankali. Don ranar Talata mai zuwa ne likitoci suka sa za su yi mata aiki a kai. Mun riga mun haɗa jaka. Ni na wanke zannuwan da za ta tafi da su asibiti.

Rahila ta ce da asuba jikinta ya kama jijjiga, kafin a samo keke mai ƙafa uku a kai ta asibiti ta cika.

Na yi kuka har na gaji. Da a nan abin ya tsaya, da hotonta kawai zan sa in ce ku yi mana addu'a, in ajiye waya.

Amma ƙarfe tara saƙo ya shigo gurup ɗinmu na zumuntar mata. Ga abin da aka rubuta: "Kasancewar 'yar'uwarmu Laraba ta rasu tana ƙarƙashin horon ikilisiya, ba za a shigar da gawarta cikin majami'a ba. Zumunta ba za ta sa kaya ba. Za a yi gajeriyar addu'a a gida, a wuce maƙabarta."

Gajeriyar addu'a.

Matar da ta fi shekara talatin tana tsaye a kan murhun cocin nan, hayaƙi yana cin idonta.

Ba zan faɗi sunan cocinmu ba. Waɗanda suka sani sun sani. Amma yau zan yi magana, in za ku cire ni daga gurup ku cire.

Ga waɗanda ba su san horo ba, musamman ƙawayena na kasuwar Television da ba 'yan coci ba: idan dattawa suka same ka da laifi, sai a sanar daga kan bagade, a mayar da kai bencin baya, a hana ka jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, in mace ce a karɓe zanen zumunta, ankon da muke sawa. Ba ka fita sai ka zo gaban dattawa ka nuna nadama, sannan ka tsaya gaban jama'a a karɓe ka. In mutuwa ta riske ka kafin nan, gawarka ba ta shiga coci.

Laifin da aka ɗora wa Mama Laraba shi ne shan burukutu.

Ba ta sha ba. Ina da takardar likita a jakata, ina da hoton cikin kanta. Ƙari ne ya fito mata a ƙwaƙwalwa, a bayan goshi.

Bari in gaya muku wace ce ita, don yaran yanzu tsohuwar bencin baya kawai suka sani.

Na zo Unguwar Boro ina amarya, ban san kowa ba, ko titi ban iya tsallakawa ba. Ɗakinmu yana jikin nata. Ita 'yar Filato ce, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu tun Rahila tana firamare. Kwana na uku ta leƙo ta ga ina dafa shinkafa ta caɓe, ina share hawaye. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Kawo nan, 'yata, mu mayar da ita tuwo, maigidan ba zai taɓa sani ba."

Har yau bai sani ba. Yanzu dai zai karanta.

Da na haifi Godiya ita ta yi mini wankan jego. Uwata tana ƙauye ba lafiya. Kullum da sassafe sai ta shigo da ruwan zafi da kunun gyaɗa, tana faɗa: "Tashi, raguwa! Ni da na haihu washegari na je na yi surfe." Ƙarya take yi, Rahila ta gaya mini wata guda ta yi a kwance.

Ita ce mai girkin coci. Biki, suna, jana'iza, taron shekara, duk ita. Tukunya shida a kan wuta, ba ta buɗe ko ɗaya ba za ta gaya miki wadda ruwanta ya tsotse. Da hanci take girki. Takan ce mini, "Ke Hannatu, kafin ki kai ludayi baki, shinshina tukun." Duk wanda ya ci gwatenta na acca ya san abin da nake faɗa.

Ba ta da hayaniya. In an yi gulma a gabanta sai ta tashi ta ce za ta duba wuta. Ko "kai" ban taɓa ji ta ce wa namiji babba ba.

Wajen shekara uku da suka wuce ta fara kirana in muna aiki: "Hannatu, zo ki shinshina mini wannan." Sai in shinshina in ce daddawa ta yi kaɗan. Ta ce, "Yauwa." Ni ina ta jin daɗi, a zatona jarraba ni take yi, za ta bar mini gadon aikin.

Ashe hancin ne ya tafi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Sai ranar bikin nan da duk kuka sani. Dafa-duka ta kama a babbar tukunya, ƙauri har bakin geti, ita tana tsaye a kai da muciya tana juyawa tana waƙa. Ina can wajen nama na taho da gudu. Maman Fasto ta riga ni isa.

Ta ce, "Haba Mama Laraba, ba ki ji ƙauri ba ne?"

Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma wa ya kira ki? Je ki gyara gashin dokin nan da kika ɗora, ya karkace."

Mata suka dubi juna. Mama Laraba kuwa ta fashe da dariya.

Daga nan abu ya yi ta ƙaruwa. Wata Lahadi ana tsakar wa'azi ta ɗaga murya ta ce, "Baba Fasto, ya isa haka, sau uku ke nan kana maimaitawa. Yunwa muke ji." Matasa suka kwashe da dariya, har da masu ɗauka a waya. Tafiyarta ta canza, tana jan ƙafa tana tangaɗi. Ta daina kula da wanka. Wata rana fitsari ya kufce mata a coci, a layin ba da baiko na kuɗi, ta ci gaba da tafiya kamar ba ita ba.

Ba wanda ya ce a kai ta asibiti. Ko mutum ɗaya. Da ni a ciki.

Abin da aka ce shi ne, an gan ta a zaune a gidan burukutu na bayan kasuwa.

Dattawa suka kira ta. Dattijo Markus ne shugabansu, shi ya yi tambayar. Ya ce, "Laraba, mun ji kina shan burukutu. Gaskiya ne?"

Ta ce, "Akwai ne? To ku kawo mana."

Suka rubuta cewa ta amsa da bakinta.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma sai na faɗe shi. Ranar an kira ni shaida. Dattijo Markus ya ce, "Maman Godiya, ke ce ta kusa da ita. A gaban Allah, kin taɓa ganinta a can?"

Na ce na gan ta sau ɗaya.

Gaskiya na faɗa. Amma ban ƙarasa ba. Ban ce babu ƙwarya a hannunta ba. Ban ce takalminta ƙafa daban-daban ba ne. Ban ce da na tambaye ta me take yi a nan, ta ce ƙafarta ce ta ƙi tafiya ta ga benci ta zauna ba. Ba su tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Tsoro ya kama ni, maza takwas a zaune suna kallona, ni da ko aji uku na sakandare ban gama ba.

Ni aka aika na karɓo zanen zumuntarta. Ta ciro shi daga akwati a goge, ta miƙo mini ta ce, "Za ki wanke mini ne? Na gode, 'yata."

Sau uku suka sake kiranta ta zo ta tuba. Na farko ta yi musu dariya. Na biyu ta zauna tana kallon bango har suka gaji. Na uku ta tambayi Baba Fasto ko ya ci abinci, wai ya rame.

Wata daga cikinmu ta yi ƙarfin hali ta ce, anya ba taɓuwa ba ce? Dattijo Markus ya ce, "Mahaukaci ba ya riƙe lambar waƙa. A kira kowace waƙa za ta ba ku lambarta ba ta duba littafi ba. Ta san sunan kowa har jikokinmu. Wannan taurin zuciya ne."

Muka ce haka ne, Baba.

Rahila tana aure a Rido. Kunya ta hana ta zuwa cocinmu. Ta zo ta birkice ɗakin uwarta tana neman kwalba ko galan, ba ta samu komai ba, ta zauna a ƙasa tana kuka tana cewa, "Mama, don Allah a ina kike ɓoyewa?"

Shekara biyu muna haka.

Watan jiya Mama ta biyo ta gaban teburina a kasuwa, ina auna wa wata tattasai. Sai kawai na ga ta sandare, ta faɗi, jiki yana jijjiga, kumfa a baki. Ranar ne muka kai ta asibiti. Sai da ta faɗi a gaban mutane.

Aka yi ta tura mu daga nan zuwa can, har muka isa wurin likitar ƙwaƙwalwa. Yarinya ce ma, ba ta fi Rahila ba, da ɗan hijabinta. Ta saurare mu har muka gama zuba. Rahila ta sunkuyar da kai ta ce, "Dokta, kuma an ce tana shan giya."

Likita ta ce, "An ce, ko kun gani?"

Ni da Rahila muka dubi juna.

Ta ce Mama ta rufe ido. Ta ɗauko sabulun wanke hannu ta kai mata hanci. "Mama, me kika ji?" Ba komai. Ta ɓare lemon da ta zo da shi don kanta, ta matse ɓawon a gaban hancin. Ni da nake bakin ƙofa na ji ƙanshin. Mama ta ce, "Ba ki kawo ba tukun."

Likita ta juyo ta ce, "Tun yaushe ta daina jin ƙanshi?"

Na tuna "zo ki shinshina mini." Na ce shekara uku, ko fi.

Aka sa ta a injin nan mai kama da rami aka ɗauki hoton kanta. Da hoton ya fito likita ta kira mu ta haska shi. Ko ni da ban yi karatu ba na gani. Wani abu fari, dunƙule, kamar ƙaramin lemo, zaune daidai saman hanci a bayan goshi, ya ture naman wurin gefe da gefe.

Na ce, "Dokta, ki yi mini bayani yadda zan gane, don akwai waɗanda zan je in gaya wa."

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta tashi ta zagayo ta ɗora hannu a kan ɗankwalina. Zan faɗa muku yadda na riƙe, in na yi kuskure masu ilimi su gyara.

Ta ce ƙwaƙwalwa taushi gare ta kamar awara, kuma ba abu ɗaya ba ce dunƙule, kowane sashe da aikinsa. Ta taɓa ƙeyata ta ce a nan ake gani, ido taga ce kawai. Ta sauko ƙasa kaɗan ta ce akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa a nan, ita ke daidaita jiki kada a faɗi. A ƙarƙashinta akwai wani kamar kara da ya haɗu da lakar baya, shi ke riƙe numfashi da bugun zuciya ko kana barci. Ta taɓa saman kunnuwana ta ce nan ake ji, kuma can ciki ake ajiye abin da aka tuna. Magana yawanci a ɓarin hagu take. Har ta ce ɓarin dama shi ke juya hannun hagu, na hagu ya juya na dama, na ce ikon Allah.

Sannan ta ɗora tafin hannunta a goshina.

Ta ce, "Nan kuma, Anti, nan ne birki. In kin ga mutum kin ji kamar ki gaya masa baƙar magana, nan ne ke ce miki a'a, ba yanzu ba, babba ne. Kunya a nan take. Lura da yadda wani ya ji a nan take. In kin yi abu daga baya ya dame ki, nan ne ya dame ki. Har riƙe fitsari da ɗaga ƙafa yana da hannu a ciki. Jijiyoyin ƙanshi kuma guda biyu ne sirara, suna kwance a ƙarƙashinsa daidai saman hanci. Su ƙarin ya fara dannewa."

Na ce to ya aka yi ba ta manta lambar waƙa ba?

Ta ce, "Ai ɗakin ajiya daban, birki daban. Ƙarin bai taɓa inda ake ajiya ba."

Dattijo Markus, ka ji? Ɗakin ajiya daban.

Na ba ta labarin horo, da kiran da aka yi mata sau uku ta zo ta nuna nadama. Likita ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Anti, wurin da ake jin nadamar ai shi ne a danne. Kamar ki ɗaure wa mutum ƙafa ne ki ce ya taso ya gaishe ki."

Ta ce ƙarin ba irin mai yaɗuwa ba ne. Daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake fitowa, yana girma a hankali shekara da shekaru. Ƙoƙon kai kuma a rufe yake kamar tukunyar da aka liƙe, in abu ya ƙaru a ciki ba inda zai je sai dai ya matse na kusa da shi.

Rahila ta ce, "Da mun zo da wuri fa?"

Likita ba ta so amsawa ba. Rahila ta sake tambaya. Ta ce, "Irinsa ana cirewa. Da yawa suna komawa gida su ci gaba da harkarsu. Yanzu ya girma, amma za mu gwada."

Ana cirewa.

Kun ji? Shekara biyun da muka yi muna zaman dattawa, muna rubuta minit na taro, muna matsawa in ta zauna kusa da mu, abin yana can yana girma. Abin da ake cirewa.

Washegari na kai wa Dattijo Markus takardar har gida. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa. Ya sa tabarau ya juya ta gaba da baya ya ce, "To, Maman Godiya, an gode. Amma kin san komai da tsarinsa. Sai ƙarshen wata dattawa za su zauna. Kuma ko da ciwo, ai bakinta ne ya yi zagin."

Na ce, "Baba, in mai ciwon suga ya faɗi a coci horo ake ba shi?"

Ya ce, "Kada ki yi mini rashin kunya."

Na ba shi haƙuri. Har yanzu ina jin haushin haƙurin nan da na bayar.

Ƙarshen wata saura kwana tara. Mama ba ta jira ba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Lahadin nan ne da yamma, a gidan Rahila. An ba ta wani magani mai rage kumburi, ya ɗan dawo mana da ita. Na same ta a zaune a tabarma an yi mata kitso. Tana ganina ta ce, "Raguwa, sai yanzu?"

Na kai mata gwate. Ta karɓi kwanon ta kai hanci, yadda ta saba duk rayuwarta. Ta daɗe a haka. Sai ta ce, "Ba ki sa daddawa ba."

Na sa. Har ta yi yawa ma. Na ce na manta ne, Mama.

Ta ce, "Kullum sai na gaya miki." Ta cinye tas.

Da zan tafi ta riƙe mini bakin zane. Ta ce, "Hannatu, in an gama yi mini aikin nan ki zo ki ɗauke ni mu je coci. Amma ki zaunar da ni a gaba. Can baya ba na ganin komai, kuma ba mai zama kusa da ni. Ban san me ya sa ba."

Ba ta san me ya sa ba.

Na ce to, Mama. Na fito na tsaya a bayan gidan na yi kukan da ban yi a gabanta ba.

Tun safe nake ganin hotonta a shafukanku. "Uwa ta gari." "Mai hidimar Ubangiji." "Mun yi rashi." Wasunku ku ne kuka ɗauke ta a waya ranar da ta yi magana a coci, kuka yi ta turawa kuna sa alamar dariya. Wasunku kun ci shinkafarta a bikinku, da aka mayar da ita baya ko sannu ba ku sake ce mata ba. Wata har ta ja 'yarta daga kusa da ita, wai kada ta koya mata sha. Abeg, ku cire hoton. Ko ku bar shi ku zo ku tsaya mata yau.

Ba na faɗa da horo. Na san coci ba ta zama babu tsari. Amma wane tsari ne ya ce mace mai shekara sittin da wani abu, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ta juye ta zama wata daban, a rasa mai cewa a duba lafiyarta? A cocin nan akwai nas har uku. Akwai malaman makaranta. Akwai masu digiri da ke gyara wa Baba Fasto Turanci. Duk muka zauna muka yarda da burukutu, don ya fi sauƙin faɗa.

Ina roƙonku, duk wanda ke da tsoho a gida: in halinsa ya canza, kada ku fara da cewa maita ce, ko giya, ko iskanci ne na tsufa. In mai kunya ta daina jin kunya, in mai tsabta ta daina wanka, in mai girki ta daina jin ƙauri, ku kai asibiti a duba kai. Ku yi addu'a, ku yi azumi, amma ku kai. Allahn da muke roƙo shi ya yi ƙwaƙwalwar, shi ya ba likita sani.

Yayan Rahila, babban ɗan Mama, ya je ya roƙa, dattawa sun yarda za su zauna yau ƙarfe huɗu. Jana'iza ranar Asabar ce. Abu ɗaya muke nema: a ɗage horon, a shigar da ita coci ta ƙofar gaba, zumunta ta sa kaya ta raka ta.

An aiko mini cewa mata ba sa shiga zaman sai an kira su. To ba a kira ni ba, amma zan je. An kira ni ranar da ake neman shaidar da za ta kayar da ita, na zo da gudu. Yau zan ƙarasa shaidar da na bari rabi. Zan ce babu ƙwarya a hannunta. Zan ajiye hoton kanta a kan teburinsu, in nuna musu goshi da ƙeya yadda aka nuna mini.

Sun ce dole sai wani ya tsaya gaban jama'a ya tuba kafin a buɗe ƙofa. Na yarda. Mama ba ta da abin da za ta tuba a kai, kuma ba za ta ƙara tsayawa gaban kowa ba sai gaban Mahaliccinta. Ni ce na ga gaskiya na faɗi rabi. Ranar Asabar, kafin a shigo da ita, ni zan tsaya. Duk wanda ya san shi ma ya yi shiru, akwai wuri kusa da ni.

Ya Ubangiji, kai ka ƙera kan nan, ka san abin da ke cikinsa tun muna nan muna zato. Ka karɓi baiwarka Laraba, ka ba ta hutu. Ka ta'azantar da Rahila da yayanta. Ka gafarta mini. Ka kama mini harshe ƙarfe huɗu kada fushi ya ɓata mata magana, amma kada ka bar ni in sake yin shiru. A cikin sunan Yesu, amin.

Duk wanda ya karanta har nan, Kirista ko Musulmi, don Allah idan huɗu ta yi ka ɗan dakata da abin da kake yi ka sa mu a addu'a. Ka roƙa wa Mama hutu, ka roƙa wa dattawan nan zuciya mai ji.

Ni kuma ku roƙa mini kada gwiwata ta yi sanyi a bakin ƙofar.